Mandakaru: Itacen Ƙaya Da Ke Riƙe Garke In Fari Ya Tsananta

A arewa maso gabashin Birazil, idan fari ya kama ƙasa ya ƙi saki, akwai aikin da makiyayi ke tashi da shi tun da asuba. Zai ɗauki adda ya shiga daji, ya saro rassan wani dogon itace kore shar, wanda ba shi da ganye ko ɗaya, jikinsa duk ƙaya. Zai hura wuta ya babbake ƙayar, ya daddatsa rassan, ya zuba wa shanu da awaki. Sunan itacen mandakaru, kuma garkunan da ya tsallakar da su daga shekarun fari ba su ƙirguwa. A Afirka ta Kudu kuwa, wannan itacen dai doka ta hana a shuka shi ko a sayar, kuma hukuma na kashe kuɗi don a rage shi a wuraren kiwo. Yadda itace ɗaya ya zama abin dogaro a wata ƙasa, abin gudu a wata, shi ne abin da ya kamata mu duba, musamman mu da muke zaune a ƙasar da rani ya fi damina tsawo.

Mandakaru ɗan dangin kaktus ne, daga cikin masu miƙewa sama kamar ginshiƙi. Yakan yi gindi mai kauri irin na itacen gaske, wanda ke yin tauri da launin toka idan ya tsufa, daga nan rassa su fito su miƙe sama gefe da gefe. Tsawonsa kan kai mita 5 zuwa 6, tsofaffi har mita 10. Kowane reshe yana da gefuna masu tudu, yawanci huɗu zuwa shida, waɗanda suka bi tsawonsa, kuma a kan gefunan ne ƙaya ke fitowa tsibi-tsibi daga wasu ƙananan idanu masu gashi. Turawa sun fara rubuta labarinsa a littafin Georg Marcgrave da Willem Piso na shekarar 1648, lokacin da mutanen Holan ke riƙe da yankin Pernambuco. A 1828 masanin tsirrai Augustin de Candolle, mutumin Janiba, ya ba shi sunan da masana ke kiransa da shi har yau, Cereus jamacaru.

Wanda ya san ƙyarana da ake shinge da ita a ƙauyukan tsaunin Jos, ko tinya da ke fitowa a kan duwatsu, zai ga hoton mandakaru ya ce ai mu ma muna da shi. Ba mu da shi. Ƙyarana da tinya daga wani dangi ne dabam, dangin su aguwa, kuma kamar da ke tsakaninsu da kaktus ta zo ne daga zama cikin wahala iri ɗaya, ba daga jini ba. Dangin kaktus duka 'yan nahiyar Amurka ne, in banda wani siriri guda da ke rataye a jikin itatuwa a kurmin Afirka da Madagaska da Siri Lanka. Bambancin yana da muhimmanci ga mai dabba. In ka yanki tinya ko ƙyarana, farin nono ne zai fito, mai ƙona fata da lalata ido. In ka yanki mandakaru, ruwa ne mai yauƙi marar dafi. Kada wani ya ji labarin makiyayan Birazil ya je ya babbake tinya ya ba awakinsa.

Gidan mandakaru shi ne dajin da ake kira Katinga, wanda faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 850,000, wato wajen kashi 10 cikin ɗari na ƙasar Birazil. Ya mamaye yawancin jihohin Ceará da Paraíba da Pernambuco da Rio Grande do Norte, da babban ɓangare na Bahia da Piauí, har ya taɓo arewacin Minas Gerais. Mutane wajen miliyan 27 ne ke zaune a cikinsa. Ruwan da ake samu a yawancin wuraren bai wuce milimita 300 zuwa 800 a shekara ba, kuma cikin wata uku zuwa biyar yake zuba ya ɗauke. Da rani itatuwa sukan zubar da ganye ƙaf, daji ya yi fari fat, sai mandakaru da 'yan uwansa su rage kore a tsaye. Akwai wata alaƙa ta gaske tsakanin damanarsu da tamu. Ɗamarar gajimaren nan da ke hawowa arewa ta kawo mana ruwa a watan Agusta, ita ce ke gangarawa kudu a kan tekun Atilantika ta kai musu nasu a watannin Maris da Afrilu. Shekarar da ruwan tekun arewa ya fi na kudu ɗumi, ɗamarar takan noƙe ta ƙi gangarawa sosai, sai fari ya sauka a Ceará. Shi ya sa manoman can ke zuba ido ga ranar 19 ga Maris: in ta wuce ba ruwa, sukan fara shirin mummunar shekara.

To, ta yaya itace marar ganye ke rayuwa a irin wannan wuri, har ya tara ruwan da zai shayar da saniya?

Kowane tsiro yana buƙatar iskar kabon don ya haɗa abincinsa da hasken rana. Iskar tana shiga ne ta wasu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, kuma duk lokacin da ƙofofin suke buɗe, ruwan jikin tsiron yana fita ta nan. Gero da wake da mangwaro da rana suke buɗe nasu, a daidai lokacin da zafi ke zuƙe ruwa. Mandakaru ya juya tsarin. Da rana ƙofofinsa a rufe suke. Sai dare ya yi, iska ta yi sanyi, ya buɗe su ya sha iskar kabon, ya mayar da ita wani sinadari mai tsami ya ajiye a cikin tsokarsa. Gari na wayewa ya rufe, ya warware sinadarin a ciki, ya yi aikinsa da hasken rana ba tare da ya yi asarar ruwa mai yawa ba. Abarba ma haka take yi. Wannan dabarar na da farashi, domin abin da tsiro zai iya ajiyewa a dare ɗaya ƙayyadadde ne, saboda haka girmansa a hankali yake tafiya. Matsalar ƙarewarsa da za mu tattauna a gaba daga nan ta samo asali.

Sauran jikin ma duk don ruwa aka tsara shi. Tunda babu ganye, koren reshen ne ke aikin ganye, kuma fatarsa na da kauri, da wani kaki a kai mai hana ruwa tsirarewa. Gefunan nan masu tudu sukan ba reshe damar kumbura in ya sha ruwa, ya motse in ya yi ƙishi, ba tare da fatar ta tsage ba. Kuma kowane gefe yana yi wa na kusa da shi inuwa a wani lokaci na yini. Saiwoyinsa sukan bazu kusa da saman ƙasa, don ko yayyafi aka yi su zuƙe kafin rana ta ɗauke. Mafi yawan nauyin ɗanyen reshe ruwa ne, fiye da kashi 80 cikin ɗari. Ƙaya kuwa ita ce mai gadin wannan dukiya, domin a dajin da komai ya bushe, duk mai baki zai so ya kai ga ruwan.

Furensa fari ne babba, tsawonsa kan wuce santimita 20. Da daddare yake buɗewa, kafin hantsi ya yanƙwane, kuma manyan malam-buɗe-littafi na dare masu dogon baki su ne manyan masu kai masa barbara. Mutanen karkara na ɗaukar fitowar furen a matsayin alamar ruwa na tafe, imanin da ya shiga har cikin waƙoƙin Luiz Gonzaga, babban mawaƙin yankin. 'Ya'yan itacen ja ne a waje, fari a ciki da ƙananan baƙaƙen iri, ana ci, kuma in ya nuna yakan tsage da kansa. Tsuntsaye da jemagu da ƙadangaru su ne ke ci su baza irin. A riƙe maganar tsuntsayen, za mu sake haɗuwa da ita a Afirka ta Kudu.

Ba za a fahimci matsayin mandakaru a zuciyar mutanen nan ba sai an san abin da fari ya yi musu. Babban farin 1877 zuwa 1879 ya kashe mutane ɗaruruwan dubbai, wasu ƙiyasin ma har rabin miliyan, mafi yawa a Ceará. A 1932 gwamnatin jihar ta killace masu gudun yunwa a sansanoni don kada su cika birnin Fortaleza. An sake shan wuya daga 1979 zuwa 1983. Farin da ya ɗauki daga 2012 zuwa 2017 yana cikin mafi tsawo da aka taɓa rubutawa, amma bai kashe mutane irin na da ba. Dalilan a fili suke: tallafin kuɗi da gwamnati ke ba iyalai matalauta, motocin ruwa da sojoji ke kulawa da su, da tankunan siminti masu cin lita 16,000 da aka gina a gidajen karkara sama da miliyan ɗaya tun farkon shekarun 2000, don tara ruwan saman da ke zubowa daga rufi. Dabbobi ba su sami irin wannan gata ba. Hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta nuna yankin ya yi asarar dabbobi wajen miliyan 4 a shekarar 2012 kaɗai. Mai ƙaramin garke wanda ba shi da kuɗin dusa, abin da ya rage masa shi ne daji: mandakaru, da ɗan uwansa gajere mai rarrafe da ake kira shike-shike, da wani dogo da ake kira fasheiro.

A nan mandakaru shi ne rumbun tsimin makiyayi, wanda ba a buɗewa sai an ga uwar bari. Amma a faɗi gaskiyar abin da ke cikin rumbun. Ruwa ne da ɗan abin riƙe rai. Ba ya sa ƙiba, kuma dabbar da aka ɗora a kansa shi kaɗai ba ta samun isasshen busasshen abincin da tumbinta ke buƙata. Dole a haɗa mata da kara ko busasshiyar ciyawa, da ɗan abin gina jiki irin su angurya in da hali. Aikinsa shi ne ya riƙe uwar garke da rai har ruwa ya sauko, kuma a shekarar da rijiyoyi suka ƙafe, ruwan da ke cikinsa yana rage wa mai dabba tafiyar neman shayarwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda duk arzikinsa akuya talatin ne da saniya biyu. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na awakin Birazil a wannan yankin suke, galibi a hannun talakawa.

Wahalar aikin ma abin dubawa ce. Ƙayar mandakaru doguwa ce mai tauri, tana huda takalmi. Babbake ta na cin itacen wuta a dajin da itacen ke ƙarewa, ko gas ga mai iya saye. Mutum kan shafe rabin yini yana sara da ɗauka da ƙonawa don abincin rana ɗaya, gobe kuma sai ya ƙara nisa, domin na kusa ya ƙare.

A kan wannan ƙarewar ce na fi damuwa. A jerin ƙungiyar kare halittu ta duniya, mandakaru ba ya cikin masu fuskantar ɓacewa, ko da yake binciken da aka fitar a 2015 ya nuna kashi 31 cikin ɗari na nau'o'in kaktus na duniya suna cikin haɗari. Amma kasancewar itace bai ɓace daga doron ƙasa ba, ba ya nufin yana nan a bayan gidan mai buƙatarsa. Abin da aka sare cikin mako ɗaya shekaru ya ɗauka yana taruwa. In an yanke rassa daga sama aka bar gindi da wasu rassan, itacen zai sake tofo. In an sare shi daga ƙasa, ko aka cinna wa tsiro wuta a tsaye don sauƙin aiki kamar yadda wasu ke yi wa shike-shike, to an ci na fari mai zuwa tun yanzu. Sabbin tsirrai kuma ba sa samun sararin maye gurbi. Irin mandakaru sai da haske yake tsirowa, wato a saman ƙasa, inda rana ke gasa shi. Ƙaramin tsiron ya fi rayuwa a inuwar wani ɗan kurmi, kuma a shekarunsa na farko ƙayarsa ba ta isa ta hana akuya ci ko tattakewa ba. Inda awaki suka yi yawa, za ka ga tsofaffin itatuwa a tsaye babu 'ya'ya a ƙarƙashinsu.

Dajin kansa yana raguwa. Kusan rabin Katinga na asali an sare shi ko an canza shi. Masana'antun da ke gasa farar ƙasar filasta a yankin Araripe, inda mafi yawan filastar Birazil ke fitowa, sun daɗe suna cin itacen dajin, haka ma murhunan bulo na Seridó. Akwai wuraren da ƙasa ta riga ta mutu, kamar Gilbués da Irauçuba da Cabrobó. A 2023 cibiyoyin binciken gwamnatin ƙasar suka bayyana cewa a karon farko an sami yanki a arewacin Bahia, sama da murabba'in kilomita 5,000, wanda yanayinsa ya koma na busasshiyar ƙasa sosai. Duk da haka, tsarin mulkin Birazil na 1988, da ya lissafa dazuzzukan da ya kira dukiyar ƙasa, ya ambaci Amazon da Pantanal da kurmin gaɓar Atilantika, bai ambaci Katinga ba. Ina ganin wannan rashin adalci ne, kuma irinsa ne ake yi wa busasshen daji a ko'ina: ana kallonsa da rani a ce ba komai a ciki. Tun a 1988 ɗin masanin halittu Daniel Janzen ya yi gargaɗin cewa busassun dazuzzukan ƙasashe masu zafi sun fi kurmi shiga haɗari, domin su ne masu sauƙin sassabewa da ƙonawa.

Wasu za su ce ai an riga an sami mafita, wato palma, kaktus mai faffaɗan reshe marar ƙaya wanda asalinsa daga Meziko yake. Gaskiya ne ya fi mandakaru saurin girma da yawan amfani, kuma Birazil ta fi kowace ƙasa nomansa don dabbobi, a fili wajen hekta 500,000. Sai dai tun farkon shekarun 2000 wani ɗan ƙwaro mai tsotson ruwa, dangin wanda ake yin jan rini da shi, ya bi gonakin palma a Pernambuco da Paraíba ya shafe su, har fari na 2012 ya tarar da manoma da yawa hannu rabbana. An samo nau'o'in da ke jure ƙwaron, ana rabawa. Amma palma ba ya jin daɗin kwari masu zafin dare in ba da ban-ruwa ba, alhali mandakaru a nan aka haife shi. Shi ya sa masu bincike, ciki har da na cibiyar binciken noma ta Embrapa da ke Petrolina, suke ƙarfafa a riƙa shuka shi da gangan, har da wani nau'i marar ƙaya da ba ya buƙatar babbaka. Shukar ba wuya: a yanko reshe, a bar bakin yankan ya bushe a inuwa na 'yan kwanaki, a kafa shi a ƙasa. Marar ƙayar dai sai da shinge, tunda ba shi da mai gadi. Abin da ke hana aikin yaɗuwa shi ne dole a yi shi a shekarar wadata, lokacin da ciyawa ta cika daji kuma ba wanda ke tuna mandakaru.

Yanzu mu ƙetara teku. An kai mandakaru Afirka ta Kudu don ado da shinge, saboda kyan furensa. A can ya tarar da rana da ƙasar da yake so, bai tarar da ƙwarin da ke cinsa a gida ba, kuma babu al'adar sare shi a ba dabba. Tsuntsaye suka ci 'ya'yan suka zauna a kan itatuwan ƙaya suka zubar da irin, ya tsiro a inuwarsu. Duk guntun reshen da ya faɗi ƙasa kuma sai ya yi saiwa. A lardunan Limpopo da Gauteng da Arewa maso Yamma ya cika wuraren kiwo, ya hana dabbobin gida da na dawa shiga inuwa, ƙayarsa tana ji musu rauni. Doka ta sa shi cikin tsirran da wajibi ne mai fili ya kawar. Abin da ya fi yin tasiri a kansa ƙwari ne biyu da asalinsu daga Kudancin Amurka: wani ƙarami mai lulluɓe da farin abu kamar auduga, wanda ke murɗe kan reshe ya hana fure, an sake shi a shekarun 1980 don wani kaktus dabam, da wani mai huda reshe ya ci cikinsa, an sake shi a 1990. Dangin ƙwaron farko ɗin ne kuma aka gano a tsibirin Puerto Rico a 2005, inda yake kashe dogayen kaktus na asalin busasshen dajin Guánica. Maganin wata ƙasa ya zama cutar wata, kamar yadda itacen kansa ya zama.

Duk halayen da suka sa mandakaru ya zama abin dogaro a Katinga, wato jure fari, da tofowa daga guntu, da ƙayar da ke korar baki, su ne suka sa ya gagara a Limpopo. A Kenya ma makiyayan Laikipia suna kuka da wani kaktus mai faffaɗan reshe da aka kawo don ado, wanda ƙananan ƙayoyin 'ya'yansa ke maƙalewa a bakin awaki da tumaki da idanunsu.

Saboda haka, in wani ya zo da shawarar a kawo mandakaru a baza a Sahel don maganin fari, ni ba na goyon baya. Ƙasarmu da tsuntsayenmu za su karɓe shi kamar yadda na Afirka ta Kudu suka yi, kuma ba mu da kuɗin yaƙi da shi in ya ƙwace. Muna da namu itatuwan da ke yin wannan aikin: gawo da ke fitar da ganye da 'ya'ya da rani lokacin da sauran suka zubar, da aduwa, da kalgo, da magarya. Manoman Maraɗi da Damagaram sun nuna abin da za a iya yi da su ta hanyar sassaben zamani, inda tun tsakiyar shekarun 1980 suka raya itatuwa wajen miliyan 200 a fili kusan hekta miliyan 5, ta hanyar barin kututture ya tofo a gyara shi. Abin ɗauka daga Birazil shi ne tankin ruwan sama, wanda hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta riga ta fara gwadawa a Nijar da Sanagal, da kuma hankalin yanke reshe a bar gindi.

Dogayen kaktus dangin mandakaru kuwa sun riga sun shigo biranenmu, ana sayar da su a bakin titi wajen masu furanni, ana kafa su a ƙofar gida. Mai irin wannan a gidansa ya cire 'ya'yan kafin su nuna su tsage, kuma in ya yi wa itacen aski, kada ya watsar da rassan a bola ko bayan gari. Ya daddatsa su ƙanana, ya shanya a kan siminti har su bushe, sannan ya ƙone.